Wanda Ya Buɗe Tagogin

Safiya, Auwalu, da ke Hindatu da ba a haife ki ba a lokacin, wannan babin saboda mahaifiyarku na rubuta shi. Kun taso kuna jin ana faɗa a tsakar gida cewa da yanzu a Italiya kuke, ba don Mama ta buɗe tagogi a Guangzhou ta lalata fatun Baba ba. Da wasa maganar ta fara, ni ma har dariya nake yi. Amma ranar da Auwalu ya dawo daga neman biza hannu rabbana, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce mata, "Ke dai kika ja mana," ban ji wasa a muryarsa ba. Ita ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuma ina kan tabarma, ina ji, na yi shiru. Abin da ya kamata in faɗa a ranar shi ne zan rubuta yanzu.

Kun san gidanmu gidan majema ne. Tun ban kai tsawon kwatarniya ba na san warin toka da kashin tantabara, na san yadda ruwan bagaruwa ke mayar da hannu baƙi. Kakanku yakan ce fatarmu tana zuwa Italiya, mu ba ma zuwa. Abin da ba ku sani ba shi ne, ni ban taɓa son jima kamar yadda nake son karatun littattafan soyayya ba. Haya nake ɗauko su a wani shago a kasuwa, in ɓoye a aljihun riga, in karanta a bayan rumfa yayin da fatu ke jiƙa. A cikinsu komai wahalar da masoya suka sha, ƙarshenta sai ka gan su a wata ƙasa mai nisa, suna tsaye a baranda, ruwa na gudu a ƙarƙashinsu, furanni na lilo. Na yarda da wannan barandar kamar yadda wasu ke yarda da gadon da za su ci. Da na auri Rabi ma na yi mata alkawarinta. Ita 'yar bakin kogin Haɗeja ce, sai ta ce ruwan da ta gani a ƙarƙashin gida ya ishe ta, in sama mata randa mai sanyi kawai.

Hancina ne ya kai ni Guangzhou. Fataken Kano da ke saro takalma suna neman wanda zai bambance musu fata ta gaskiya da roba mai kama da ita, ni kuwa in na shinshina, na sa farce, magana ta ƙare. Mun bar ku biyu wajen kakarku, muka kama ɗaki da falo a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Rabi tana dafa tuwo da miyar kuka tana kai wa 'yan kasuwa a kuloli, ni ina yawon masana'antu. Kullum akwai baki na uku a kan tabarmarmu, Alhaji Isufu na Maraɗi, mai saro fitilu da batir, wanda bai taɓa shigowa gidan ba sai da yunwa da tsokana. Shi ya raɗa mini Sarkin Mafarki.

A wata masana'antar takalma a unguwar Panyu na haɗu da Baba Aldo. Dattijo ne ɗan Italiya, an ɗauko shi yana duba musu aikin fata. Ranar na ƙi wani samfuri, lawban, wato mai masana'antar, na ta rantsuwa cewa akuya ce, ina cewa akuyar nan a injin aka haife ta. Dattijon yana gefe yana dariya. Da na ciro jakar aljihuna, 'yar jar fata da kakanku ya jeme, sai ya miƙo hannu ya karɓa, ya kai ta hanci, ya rufe ido. Da gurgun Turancinsa, ni da nawa, ya ce mini mahaifinsa irin wannan fatar yake saye, kuma rabonsa da jin warin nan tun yana saurayi. Daga ranar ya riƙa kirana Maestro, wato gwani. Bai daɗe ba ya zama baki na huɗu a tabarmarmu, yana cin tuwo da cokali yana share hawayen yaji.

Wata Lahadi da rana ya gayyace mu gidansa, a hawa na tara. Ya ɗauko hotunan garinsu. Ba zan rubuta sunan garin ba domin harshena bai taɓa kama shi daidai ba, a gida garin Baba Aldo muke cewa. Gari ne na majema a arewacin Italiya, kogi ya ratsa tsakiyarsa, duwatsu a bayansa. Ga gada ta dutse, ga gidan mahaifinsa a bakin ruwa, ƙasa wurin jima, sama wurin kwana. A saman kuwa ga baranda, ga furanni ja suna zubowa. Na riƙe hoton nan na ƙura masa ido. Abin da na karanta shekara ashirin da wani abu ne a gabana, har da launinsa. Nan ya faɗa mana zai koma gida ya sake buɗe wurin, shi da ƙanwarsa, kuma yana son in bi shi da iyalina. Shi zai yi takardu. Abin da ake bukata kawai in kawo samfurin aikin gidanmu, ƙanwar ta gani da idonta.

A jirgin ƙasa muna komawa, ina ta zuba, Rabi ta katse ni.

"Baban Safiya, ka ga layukan da ke jikin bangon?"

"Wane bango?"

"Na gidan da ke hoton. Layi uku, ɗaya bisa ɗaya. Na saman ya wuce kan ƙofa."

"Ado ne irin nasu."

"Mu ma muna da irin adon a Haɗeja. Kuma ka lura da ɗakinsa? Mutum yana hawa na tara, amma takalmansa a kan bulo, akwatinsa a kan kabad, ko jarida ba ya ajiyewa a ƙasa. Wannan ruwa ya taɓa cin gidansu, ba sau ɗaya ba."

Na ce mata ita komai sai ta hango masa taɓo.

Baffanku Lawan ya jeme fatun akuya arba'in, ya rina su da karan dafi, ya shafe su da mai, wani ɗan kasuwa ya zo mana da su. Ban taɓa ganin aikin Lawan ya yi kyau haka ba. Sun iso daidai lokacin da garin ke shiga wani yanayi da ba mu da irinsa a Kano. Bayan sanyi, wata iska mai ɗumi takan taso daga teku, sai bango ya fara gumi, madubi ya rufe, tayil ya yi santsi kamar an yi wanki. Tsohuwar da ke ba mu haya ta hau benen da kanta tana haki, ta rufe mana tagogi, ta cusa jarida a ƙarƙashin ƙofa, tana nuna waje tana girgiza kai. Rabi ba ta jin yarenta amma ta gane. Ni kuwa na taɓa fatun na ji sun yi laushin danshi, sai jinin majema ya motsa. A wurinmu abu in ya yi laima iska ake ba shi. Haka kakanku ya yi, haka nasa uban ya yi. Na ɗaura igiyoyi a falo, na rataye fatun, na buɗe kowace taga har ta bayi.

Rabi ta dawo daga kai abinci ta rufe. Na buɗe.

"Tsohuwar nan a garin aka haife ta," in ji ta. "Ta ce a rufe."

"Tsohuwar nan ta taɓa jeme ko fatar ɓera?"

"Iskar ce ke kawo ruwan, Baban Safiya. Taɓa labulen ka ji."

"A Kano ake jima, Rabi, ba a Haɗeja ba. Ke ji da tukunyarki."

Kwana huɗu muna haka, tana fita in buɗe, tana dawowa ta rufe. A rana ta biyar da azahar na shigo daga masallaci na tarar da fatun sun yi furfura. Fumfuna ta bi su tun daga wuya har wutsiya, toka-toka da kore, jan ya yi dabbare-dabbare, falon yana wari kamar tsohuwar rijiya. Ina tsaye ina kallonsu aka turo ƙofa. Rabi ta ajiye kulolinta ta wuce ni ta nufi taga za ta rufe. Hannunta na kan marfin kenan Alhaji Isufu ya yi sallama ya shigo. Ya dubi fatun, ya dubi taga a buɗe, ya dubi hannunta.

"La ila! Hajiya ta yi maganin Italiya!" Ya tafa hannu. "Wallahi matan Najeriya ba a iya muku. Sarkin Mafarki, ka ga yadda ake juyin mulki ba bindiga?"

Rabi ta juyo ta dube ni. Jira take in yi magana. Ni kuwa na yi dariya, irin dariyar wanda aka cire wa ƙaya. Kafin la'asar labarin ya zaga duk inda Bahaushe ke shan shayi a garin, kafin mako ya kai Kano.

Na ɗauki lokaci kafin in iya zuwa wajen Baba Aldo. Da na je damina ta kankama, ruwa kamar da bakin ƙwarya, titunan Panyu sun zama kududdufi. Na same shi a ɗakin aikinsa, na shimfiɗa masa fata ɗaya a tebur kamar mai kai gawa. Ya sa tabarau ya duba. Ya ɗauko tsumma, ya jiƙa da ruwan tsami, ya goge gefe ɗaya a hankali, ya shafa mai. Jan ya fara dawowa.

"Wannan ba komai ba ne, Maestro," ya ce. "Rabinsu za su tashi. Sauran ɗan'uwanka ya sake yi. Na taɓa tono fatu daga cikin laka bayan kwana uku, na wanke, na sayar. Wa ya buɗe taga?"

Na ce iska ce ta banko.

Ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ja kujera ya ce tunda zan zama ɗan garinsu, gara in san garin. Ya yi magana mai tsawo, ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai karanta wa mutum sharuɗɗan haya. Ya ce zamanin mahaifinsa kogin yana da alkawari. Ƙanƙara takan taru a kan duwatsu da sanyi, ta riƙa narkewa sannu sannu, kogin ya yi ta gudu har ƙarshen zafi. Ambaliya kuwa sau ɗaya mutum ke ganinta a rayuwarsa, ya ja layi a bango, ya ba jikoki labari. Yanzu ƙanƙarar ba ta taruwa kamar da. Da zafi kogin kan koma duwatsu, yara su tsallaka ba su jiƙa ƙafa ba, hukumar gari ta taƙaita ruwa, ramukan jima su zauna a bushe. Gonakin da ke ƙasa da garin su tsattsage. Sai kaka ta zo, ruwan da ya kamata a yi a wata uku ya sauko a kwana biyu, ƙasa ta riga ta ƙeƙashe ba ta sha, duk ya gangaro cikin gari. Layi na farko a bangon, ya ce, mahaifinsa ne ya ja. Biyun da ke sama shi ya ja da hannunsa, kuma tsakaninsu ba nisa.

"Akwai jiniya a kan gada," ya ce. "In ta yi kuka, kana da kamar awa uku. Duk abin da ke ƙasa sai ya hau sama, a ka, ta matakala mai tsini. Maƙwabtana biyu sun rufe sun tafi. Samari ba sa zama. Ni gwiwata ta ƙare."

"To me ya sa ni?" na tambaye shi.

"Saboda ku kun iya jima da ruwa kaɗan. Mahaifina ya taɓa gaya mini, a Kano da tukunya ɗaya ake yin abin da muke yi da kogi. Mu ba mu taɓa koyon tsimin ruwa ba, yanzu dole mu koya. Rabin shekara ina bukatar wanda ya san fari. Ɗaya rabin ina bukatar wanda ya san ambaliya." Ya yi murmushi. "Wannan kuma ina jin matarka ce. Ta tambaye ni tsawon matakalar."

Na tambaye shi barandar. Ban san me ya sa ba, bakina ne ya suɓuce.

"A nan muke shanya fatu in ruwa ya janye," ya ce. "Furannin na maƙwabciya ne, ta ara mana ranar da aka ɗauki hoton."

Ya ce maganarsa tana nan, in je in yi shawara.

Ban yi shawara da kowa ba. A jirgin ƙasa na yanke, tsakanin tasha biyu. Ba zan ce muku na auna makomarku ba, ko karatunku, ko addininku a baƙuwar ƙasa, ko da yake daga baya duk na faɗi waɗannan ga masu tambaya. Abin da na gani kawai shi ne kaina a kan matakala, da jiƙaƙƙun fatu a ka, jiniya na kuka, warin da na gudo masa tun daga Kano yana jirana a ƙarƙashin barandar. Na gane ba garin nake so ba. Garin yana neman ma'aikaci, ni kuwa hoto na je nema. Kuma mutumin da ya kasa jin maganar tsohuwa a kan taga ɗaya, ban ga yadda zai yi da kogi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Da na isa gida Rabi na tuƙa tuwo. Na ce mata Baba Aldo ya ga fatar, ya ce ƙanwarsa ba za ta yarda ba, magana ta mutu. Ta tsayar da muciya.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

A shekarar ne ƙasar da muke zaune ke shirin gasar Olamfik, sabunta biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa suka tattara. Mu ma muka bi su. Bikin buɗe gasar a gidan kakarku muka kalle shi bayan azahar, Auwalu a cinyata. Baƙi na ta shigowa yi mana barka da dawowa, kowa da tambayar Italiya, kowa kuma ya riga ya ji amsar daga bakin Alhaji Isufu. Ban taɓa cewa da bakina ita ta buɗe ba. Na dai bari ana faɗa, in an faɗa in yi murmushi in ce, "Ai mata sai haƙuri." Na daɗe ina ganin wannan ba ƙarya ba ce.

Baba Aldo ya koma shi kaɗai. Shekaru yana turo mini hotuna ta waya. Wata shekara kogin ba ruwa, mutane na yawo a tsakiyarsa da karnuka, ƙafafun gadar a waje kamar haƙoran tsoho. Wata shekara laka har rabin ƙofa, shi da ƙanwarsa da shebur, ya ja layi na huɗu yana nuna shi da yatsa yana dariya. Daga baya ya rufe wurin, daga baya kuma hotunan suka daina zuwa. Ban sani ba ko da mun je da mun tsayar da shi, ko da mu ma ruwan ya kore mu. Ba na jin akwai wanda ya sani. Ba don in ce muku an yi asara ko an tsira nake rubutun nan ba.

Kafin in fara wannan babin na sami mahaifiyarku tana tsinar shinkafa, na zauna na faɗa mata duka. Na zata za ta yi kuka, ko ta tashi ta bar mini wurin, domin a littattafan da na karanta haka ake yi. Ba ta ko daina tsinar ba.

"Ai na sani," ta ce. "Dattijon ya zo yi mini sallama kana kasuwa, na ƙulla masa yaji. Ya ce in ba ka haƙuri in wani abu ya faɗa da ya hana ka zuwa."

"Shekara nawa kenan, Rabi? Ba ki taɓa faɗa ba."

"In ce me? Yaro yakan yi fushi da uwarsa ya dawo ya ci tuwonta. Kai suna ganinka gwanin da Turawa suka nema. Na ce a bar musu."

"Amma ke ai ba kya son zuwa."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya gaya maka? Ni da na taso muna kwashe kaya zuwa tudu duk damina, mu dawo mu yaɓe ɗaki? Cewa na yi akwai ruwa, ban ce ba zan je ba. Ka tuna takalman robar da na sayo a kasuwar Liwan?"

Na tuna. Ku ma za ku tuna. Dogaye ne har gwiwa, ƙafa huɗu. Safiya, naki ne masu ruwan ɗorawa, da kika riƙa shiga kwata da su ana kora ki. Auwalu, naka shuɗi ne, sun yi maka yawa shekarar farko, ta cusa musu tsumma a baki. Ta saye su ne a makon da muka ga hotunan, ta auna da igiyar awon ƙafafunku da kakarku ta taɓa aikowa, ta ƙara yatsa biyu saboda girma. Ni ina kallon baranda, ita tana shirin matakala.

Nata da nawa suna nan a ƙasan akwatin ƙarfe na ɗakinta. Nata sun sha damina har dunduniya ta cinye. Nawa ko ledarsu ba a cire ba. Auwalu, in ka karanta wannan, ka je ka buɗe akwatin ka gani da idonka, sannan ka wuce ƙofar kicin, inda ka tsaya ranar. Ni na riga na je.